Injin Busarwa da Matan Shanya

Dawakin Tofa

Ramlat,

Assalamu alaikum, ya aiki? An ce injin busar da shinkafar da na sayo har yau yana rufe, matan shanya kuma sun daina zuwa. Ga shinkafar rani ta kusa, ga hadari ya fara haɗuwa. Ke na damƙa wa kamfanin nan. Ki sallame su, ki ɗauki wasu.

Kawunki,
Abdulmumini

Watari

Kawu,

Wa'alaikumus salam. Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Hajiya.

Ban sallami kowa ba, gida-gida na bi su. Kaltume, babbarsu, ta ce ganin injin kawai suka yi a bayan mota, direba ya ce musu aikinsu ya ƙare. Ta ce, "Gara mu tafi da ƙafarmu kafin a kore mu." Haka aka yi bara da sabon sikeli, ba a yi wa manoma bayani ba, suka kai shinkafarsu wani wajen.

Ka bar ni in kafa kwamitin sauyi na dindindin, kowane sashe ya ba da mutum. Duk sabon abu, kafin ya shigo, a zauna da waɗanda zai shafa, a ji tsoronsu, a koya musu. Ba zan ɗauki sababbi ba sai na gwada wannan.

Allah ya ƙara girma.
Ramlat

Ramlat,

Sallama. Kamfani na buɗe, ba majalisa ba. Na ba ki zuwa girbi. Idan shinkafa ta yi fumfuna, ke da kwamitin naki duk ku tafi.

Kawunki

Kawu,

Barka da ruwa, da fatan gida lafiya.

Hashimu makanike ya koya wa matan da suka dawo sarrafa injin. Zubin farko ya ƙone. Kwamiti ya zauna, aka gano zafi ya yi yawa, aka rage. Yanzu Kaltume ke tayar da shi da kanta, kuma ruwan Talata bai taɓa mana ko buhu ba. Wasu matan dai sun ƙi dawowa, abin yana damuna. Gobe zan sake komawa wajensu.

'Yarka,
Ramlat

Ramlat,

Na ji, Allah ya yi albarka. Ina so a bar janareta a koma sola. Ban sayi komai ba tukuna. Yaushe kwamitinku zai zauna? Ku ajiye mini kujera.

Kawunki