Buhun Wuri da Ƙwallon Samarin Gangara

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai. Wannan takarda ta fito daga hannun Kumandan na barikin Tanut, mai iko da Damargu tun daga Gangara har kwarin Tarka, zuwa ga Idrisa ɗan Malam Yahaya, mai dakon gyaɗa a tashar jirgin ƙasa ta Kano. Gaisuwa mai yawa. Allah ya ƙara maka lafiya, ya kiyaye bayanka daga nauyin buhu. Kada gabanka ya faɗi, ba maganar lanho ba ce, ba haraji muke bin ka ba, ko da yake mun san ranar da ka sulale da jakin da ka hau. Mun aika an duba gidanku. Innarka Hajjo ƙafarta ta yi sauƙi, har tana zuwa rijiya. Matarka Sakinatu lafiya lau. Ɗanka Jika ya fara haƙori, ya kuma gado kunnuwanka, Allah ya ba shi haƙuri.

Bayan haka, maganar samarin Gangara ce ta hana mu zama. Ka tuna ƙwallon fatar nan da Manzo ya dawo da ita daga soja, wadda yake kira balo. Bayan tafiyarka samari suka kafa ƙungiya a kanta, yara sun kai talatin, ba a karɓar komai a hannun kowa. Baffanka Dodo ya ara musu fili bayan rijiya. To, ƙayar aduwa ta huda robar da ke ciki. Tanko baduku ya sa mafitsarar bijimi a madadinta, kwana uku ta yi ta fara wari, har karnuka suka shiga wasan. Yau wata guda ke nan ba a buga ba. Dodo ya ce shi bai ba da ƙasarsa don awaki su kwanta ba, in ruwan farko ya sauka bai ga yara suna guje-guje a ciki ba, gero zai shuka. Bazara kuwa ta shigo. Kullum da la'asar sai mu fito mu dubi gabas, mu koma ciki, mu sake fitowa.

Ba wai ƙungiyar ba ta da abin hannu ba ne. Duk rani samari sun ja wa Fulani guga, sun sayar wa ayari da ciyawa, har suka tara tamma goma sha biyu na kuɗin Faransa, daidai kuɗin roba in ji Manzo. Gaba ma da haske, don samarin Belbeji sun aiko a koya musu wasan za su ba da akuya, masu fura kuma sun ce in ana bugawa ranar kasuwa za su riƙa jefa ɗan wani abu a asusu. Sai dai an danƙa kuɗin ga ma'aji, wani yaro mai basira, kyakkyawa, wanda ba a taɓa kama shi da laifi ba sai ƙanana. Wani falke ya nuna masa buhu cike da wuri, ya ce zai ba shi duka a kan tamman nan. Yaron ya dubi 'yan ƙarafa goma sha biyu a tafin hannunsa, ya dubi buhun da sai mutum biyu ke ɗagawa, ya tuna kakarsa Tata tana cewa da rabin wannan aka biya sadakinta. Ya ga riba. Da ya kai buhun Tanut, mai kanti ya yi dariya har ya zauna ƙasa, ya ce wuri yanzu sai dai 'yan mata su yi ado, ko gishiri ba ya sayowa. Falke kuwa tuni ya doshi Agadas. Samari ba su sani ba tukuna. In sun tambaya sai ya ce musu kuɗin sun yi yawa, ƙirga ake yi.

Saboda haka ga umarninmu. Ka shiga kantunan Kano ka sayi robar ƙwallo guda, ka hura ta ka tabbata ba ta yoyo, ka ba Ila mai kawo maka wannan takarda. Ya ce kwana goma sha biyu zai yi a hanyar dawowa, to kada ka bari ya zauna cin goro. Ka gai da Goggo Kulu da 'yarta Raishatu, da duk mutanen Damargu da ke kwana a zaurenku.

Yaya, alƙalamina ya gaji da ƙarya. Wane Kumandan ne zai yi rubutun ajami da tawadar allo? Ni ne, ƙanenka, ni ne kuma ma'ajin. Buhun yana ƙarƙashin gadon Inna, ita tana zaton wake ne. Na san da na sa sunana a sama ba za ka karanta har ƙarshe ba. In ka dawo ka ja kunnena yadda kake so, da kaka kuma zan biya ka da geron gayaunata, 'yar gonar nan tawa. Ranar Juma'a zan tara samari in faɗa musu da bakina, na kuma yanke zan ce musu robar tana hanya. Don Allah kada ka bari wannan ma ta zama ƙarya.

Wassalam. Ƙanenka,
Ɗan Azumi