Cinyar Akosuwa

Lahadi, 6 ga Oktoba

Kaka ta tafi Kumasi duba ƙanwarta. A tashar Circle, mota na shirin tashi, ta leƙo ta taga. Na zaci addu'a za ta yi mini. Sai ta ce, "Muniratu, Akosuwa na hannunki."

Akosuwa kazarta ce, fara mai ɗigon baƙi a wuya. Ranar Lahadi aka ƙyanƙyashe ta, shi ne Kaka ta sa mata sunan da Asantawa ke sa wa 'yar Lahadi. Ba Baba ta bar wa ba, ba yaya Zaliya ba. Ni. Na ce to, amma ban tabbata ta ji ba. Dama ba a cika jina ba. Ko a aji, idan na ba da amsa, sai ta kusa da ni ta maimaita wa Madam.

Talata, 8 ga Oktoba



Ina dawowa daga makaranta wani mai babur ya shigo lungunmu a guje. Akosuwa ta tashi sama don tsoro, ta faɗo kan tsohon kwanon rufi da ke jingine bayan ɗaki. Cinyarta ta tsage. Jini a kan farin gashi, abin ba kyan gani.

Baba ya dawo daga sallar la'asar, ya duba ta sau ɗaya, ya ce, "Zaliya, kawo wuƙa kafin ta zama mushe." Ban ga laifinsa ba. Haka ake yi a kowane gida a unguwarmu ta Maamobi: kaza ta ji ciwo, a yanka ta tun tana numfashi, kada a yi asarar nama. Yaya Zaliya har ta fara tambayar ko akwai tumatir.

Na so in ce a'a.  Sai kawai na sunkuci kazar na shige banɗaki na sa sakata.

Ta bayan ƙofa Baba ya ce, "Ke da kaza a banɗaki? Lafiya?" Na yi magana. Ya ce me? Na sake. Ya ce wa Zaliya ta kara kunnenta a ƙofa ta fassara masa. A ƙarshe ya ce ya ba ni zuwa Juma'a. In ta tsaya da ƙafarta, shi ke nan. In ba ta tsaya ba, miya.

Abin da aka koya mana a ƙungiyar taimakon gaggawa ta makaranta na mutane ne, amma jini ai jini ne. Na naɗe ta da tsohon ɗankwalina har kai, sai ta daina fisge-fisge. Na danne ciwon da tsumma mai tsabta har jinin ya tsaya. Na rage gashin da ke gefen da almakashin ɗinkin Mma (ba ta sani ba). Na wanke da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri a cikin shuɗiyar robarmu. Ƙafar ta kumbura, jan zaren da Kaka ta ɗaura mata yana nutsewa cikin fata, sai na yanke shi. An ce mana duk abin da ya matse wurin kumburi a cire.

Yanzu tana cikin kwalin taliya a ƙarƙashin teburina. Ta sha ruwan sukari kaɗan daga cokali.

Laraba, 9 ga Oktoba

Kowa ya zama likita. Mma ta ce toka. Mai kokon bakin titi ta ce a daka barkono a ruwan shanta. Yaya Zaliya ta ce albasa, citta da wuta mai kyau.

Na fitar da ita ta sha iska, sauran kajin suka yo kanta suna saran ciwon. Ashe kaza in ta ga ja sai ta sara, ko 'yar'uwarta ce. Na kore su da littafin lissafi. Mai kemis ya ba ni maganin nan shunayya da ake shafa wa yara a baki da gwiwa, ya ce yana busar da ciwo, kuma yana ɓoye jan. Ina cikin shafawa ta yi fiffika, kwalbar ta tuntsire. Rabin fiffikenta ya zama shunayya. Yatsuna ma. Gobe da su zan je makaranta.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Ba ta tsaya ba. Na ji Baba yana wasa wuƙa. Ya ce wai don albasa ne.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Da safe na wanke mata ciwon, na rufe kwalin da tsohon gidan sauro saboda ƙudaje. Na gaya mata gaskiya: yau ce ranar. Da ita ina iya magana, ban san dalili ba. Har darasin narkewar abinci na karanta mata, ta saurara fiye da 'yan ajinmu.

Bayan masallaci Baba ya ce a kawo majinyaciya. Na ajiye ta tsakar gida. Ta zauna kamar buhu. Baba ya gyara hula. Yaya Zaliya ta fito da faranti tana cin waakye, shinkafa da wakenmu, don kallo. Wake ɗaya ya faɗo. Akosuwa ta miƙe, ta ɗingisa, ta tsince shi, ta tsaya tana jiran wani.

Baba ya ce, "To, ta ci jarrabawa." Zaliya ta ce da ta sani da a ɗaki ta ci abincinta.

Talata, 15 ga Oktoba

Ciwon ya yi ɓawo, ba ɗoyi, ba ruwa. Ta saba da wankin har da ta hango shuɗiyar roba sai ta kwanta a gefe ta miƙo ƙafa, kamar matar Alhaji a wurin masu lalle.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Na sake ta ta yi yawo a lungu. Na ji daɗi, na kuma ji wani iri.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Ba ta dawo ba.

Na duba ko'ina, har bakin kwata. Can na hango ta a gidan Hajiya Memuna, maƙwabciyarmu, cikin babban kwando tare da wasu kaji. Gobe sunan jikan Hajiya, an tara kajin girki.

Sai a lokacin na gane abin da na yi. A lungunmu kajin kowa tare suke kiwo, don haka kowane gida da alamarsa. Namu jan zare a ƙafa. Na Hajiya shunayyar galura a fiffike. Ni da hannuna na cire alamar gidanmu, na shafa ta gidan Hajiya. Jikokinta suka ga farar kaza mai shunayyan fiffike suka kama, ba su yi laifin komai ba.

Na shiga in yi bayani. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce, "Ei, Muni! 'Yar boko! Yaya Kakarki? Zo, zo, riƙe wannan." Ta danƙa mini ƙosai a takarda. Na ce na gode. Na sake gaishe ta. Na fito.

Ina cin ƙosan ina kuka. Yana da daɗi, abin haushin ke nan.

Baba ya ce shi ba zai shiga gidan suna yana neman kaza ba, shekara nawa suna zaman lafiya da Hajiya. "Ke aka bar wa. Ki je ki faɗa, da baki." Mma ta ce haka ne. Zaliya ta ce ko ba komai za mu ci rabonmu gobe.

Asabar, 19 ga Oktoba

Zan rubuta shi yadda ya faru, sannan ba zan ƙara tunawa da shi ba har abada.

Da hantsi na je da shuɗiyar robar a hannu, ban ma san na ɗauko ta ba. An kafa rumfa ta toshe lungu, mata cike da anko, manyan lasifika biyu. A gefe mai yanka ya riga ya fara, ruwan figa na tafasa. Akosuwa na cikin kwando, saura kaɗan a zo kanta.

Na je kusa da Hajiya na ce, "Hajiya, kazar nan ta Kaka ce." Ta ce, "Amin, amin, Allah ya nuna mana naki." Na sake faɗa. Ta ce a ba ni kujera.

Mai yanka ya sa hannu a kwando. Ya kamo farin fiffike mai shunayya.

Mai lasifika yana tsaye kusa da ni yana gwada makirfo. Ban roƙa ba. Ban ma yi sallama ba. Karɓewa na yi.

"KAZAR KAKATA CE!"

Wallahi ban san haka abin yake da ƙara ba. Tattabaru suka tashi daga rufin masallaci. Jaririn ya farka. Wata mata ta zubar da sobolo, wato zoɓo, a kan ankonta. Zaliya ta ce har bakin titi an ji, wani direban motar haya ta trotro ya taka birki.

Tunda na riga na mutu, sai na ci gaba. Na faɗi labarin kwanon rufi, da zaren, da maganin, duk a makirfo. Hajiya ta riƙe ƙugu ta ce, "Yarinya, shunayya dai nawa ne, duk Maamobi an sani." Na ce a duba cinyar hagu. Aka duba, ga tabo, ga gashin da na yanke a karkace. Hajiya ta ce kaza ai tana iya jin ciwo a gidan kowa.

Sai na ajiye robar a ƙasa. Na ce a sake ta.

Akosuwa ta ɗingiso ta tsakiyar mata, ta wuce tiren shinkafa ko kallo ba ta yi ba, ta zo gaban roba, ta kwanta a gefe, ta miƙo ƙafa.

Hajiya ta yi dariya har ta zauna a kan kular wani. Ta ce, "Ɗauki 'yarki, Dokta! Ashe kina da murya kike ɓoye mana paa!" Ta sa aka zuba mini shinkafa da nama. Na ce shinkafar ta isa. Kajin da aka yanka na san su duka, tare suke kiwo da Akosuwa.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Ban fita ba. Na ɗaura mata sabon jan zare, sako-sako.

Laraba, 23 ga Oktoba

Kaka ta dawo. Tun a mota wata ta ba ta labari, wai har da ƙarin cewa na yi wa'azi. Ta ɗaga Akosuwa, ta duba cinyar, ta shinshina, ta ce ba laifi. Daga baya na ji ta ta taga tana ce wa Mma, "Ni na san wadda na bar wa."

Yau a aji Madam ta tambayi abin da ake fara yi wa mai zubar jini. Na ba da amsa daga kujerata ta baya. Wadda ke maimaita mini ta buɗe baki, sai ta rufe. Kowa ya juyo, ban san me suke kallo ba. Muryata ce ta kullum, ina jin ajin ne ya yi shiru.

Mai koko ta aiko wai agwagwarta na ɗingishi. Na ce ta kawo ta bayan la'asar, kuma kada wanda ya ba ta barkono. Daga ƙofar gida na faɗa, don na ga ba sai na tsallaka titi ba.