Baƙar Sobiyar Rakan

Ka'akiyya, Makka
29 ga Sha'aban

Zuwa ga matata Mas'uda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya jikin Yaya Ɗaso? Allah ya sa ɗinkin yana kamewa, ya ba ki ladan jinya. Ki gaishe min da mutanen Madina. Mu nan lafiya lau, sai dai gidan ya yi min faɗi.

Kin san ni da ƙyuyar rubutu. Na ɗauki alƙalami ne don abin da ke bakina ya ƙi faɗuwa a waya. Ɗazu da na kira ki shi na yi niyyar faɗa, na ƙare da tambayarki inda kika ajiye kanwa. Zan ɗauki hoton takardar in turo miki.

Maganar surukinmu Rakan ce. Kin dai san kansa, tun da ya auri Hanan ɗinmu bai yarda ya sayar da sobiya, abin shan nan na azumi, irin ta kowa ba. Ta mutane fara ce ko ja, shi kuwa sai ya soya sha'ir har ya yi baƙi, ya jiƙa shi da dabino da kirfa da kanumfari. Bana Malam Hudaifa, limamin masallacinsu na unguwar Mansur, ya ce ya kawo jarka goma don buɗa-bakin farko. Firjin shagon Rakan ya mutu ranar Litinin, bai lura ba sai Laraba, ga zafin garin nan. Ya ce ba komai, ai sobiya sai ta ɗan yi tsami take daɗi.

Yau da la'asar ya zo ya ɗauke ni, tunda a gidansu ba a fitar da sobiyar farko sai babba ya ɗanɗana ya sa albarka. Ya zuba min a kofi. Baƙa ce ƙirin kamar gahawa, da kumfa mai kauri da ya ƙi kwantawa. Ƙamshinta na ƙonanniyar gurasa ne. Na kurɓa. Ɗaci ya fara zuwa, zaƙin dabino ya biyo shi daga ƙasa, sannan wani ɗumi ya gangara ƙirjina ya hau har bayan kunnuwana. Mas'uda, sobiya ba ta yin wannan ɗumin. Abin nan ya zama giya, kuma mai ƙarfi.

Na ce masa ta yi ƙarfi, shi kuwa ya washe baki, ya ɗauka yabo ne. Hanan ta lasa a cokali ta ce tsami ne kawai. Ina za su sani? A Makka aka haife su, ko warinta ba su taɓa ji ba.

Za ki ce ni fa ina na sani. Kafin in zo ƙasar nan, ina yaron mota a Njamena, shekara shida na yi ina sha. Ranar da marigayi Abbanki ya zaunar da ni a unguwar Jarwal ya tambaye ni ko na taɓa, rantsuwa na yi masa cewa ban taɓa ba. Shekara talatin da ɗaya ina ɗauke da wannan ƙaryar a gidanki.

In aka ga wata yau, gobe masu azumi za su buɗe baki da abin nan a cikin masallaci. In na yi magana za a tambaye ni yadda na sani. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba.

Ki sa ni a addu'a.

Naki,
Yunus

1 ga Ramadan

Mas'uda,

Assalamu alaikum, barka da shan ruwa. Ya azumi a wurinku, ya mai jiki? Na ga takardata ta shiga, kuma na ga ba ki ce komai ba. Ban yi miki gaggawa ba.

An ga wata, kin sani. Yau bayan azahar na tafi Mansur na tarar Malam Hudaifa ya zo da motarsa, Rakan yana loda jarkoki, Hanan tana ɗaure kofuna. Bari in faɗa miki gaskiya, da dabarar matsorata na fara. Na ce tsamin zai ɓata wa tsofaffi ciki. Liman ya yi dariya ya ce tsofaffin Mansur dutse ma narkewa yake a cikinsu. Na ce to a bari sai gobe, Rakan ya ce mutane sun sa rai. Jarka ta bakwai ta shiga mota ina tsaye kamar wanda aka dasa.

Sai na dafa ƙofar motar na ce a sauke, abin nan giya ne.

Rakan ya dube ni, ba da rashin kunya ba, tausayina ma ya ji. Ya kira ni yadda ake kiran suruki a nan, ya ce, "Ya Ammi, kai da ko ganinta ba ka taɓa yi ba, ina ka san ɗanɗanonta?"

Na ce, "Shekara shida na sha ta."

Liman ya sunkuyar da kai yana kallon makullin motarsa. Hanan ta ajiye kofunan ta shige ciki. Rakan da kansa ya sauke jarkokin, muka rufe shagon muka tuttule su a magudana, muka bi da ruwa da sabulu har sau uku don warin ya ƙi tafiya. Sai lokacin ya gane abin da zai same shi da shagonsa da an sha a masallaci. Mutane sun buɗe baki da ruwa da dabino da nono, ba wanda ya mutu.

Da Malam Hudaifa zai tafi ya ba ni hannu ya ce Allah ya saka da alheri. Amma kin san ni nake yi wa mutanen Mansur limanci in ba ya nan, kuma jibi zai je Jidda. Bai ce min komai a kai ba, ni ma ban tambaya ba. Hanan ta aiko min da abinci, ba ta zo da kanta ba.

Duk wannan zan iya ɗauka. Shirunki ne yake cin raina.

Mijinki,
Yunus

4 ga Ramadan

Mas'uda,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi da jikin Yaya Ɗaso ya yi sauƙi. Ina fatan ke ma kina samun hutu.

Saƙonki ya iso. Na zaci za ki tambaye ni rantsuwar da na yi wa Abba, har na shirya amsoshi kala-kala. Sai kika tambayi abu ɗaya tak: ranar da Rakan ya ba ni kofin, tofarwa na yi ko haɗiyewa.

Kin san ni fiye da yadda nake so. Kurɓin farko na haɗiye ban sani ba, wannan Allah ba zai kama ni da shi ba. Amma akwai na biyu. Rakan ya juya yana rufe jarka, kofin yana hannuna, na riga na gane ko mene ne, na sake kai shi baki. Kuma na ji daɗinsa, Mas'uda. Bayan shekara talatin da wani abu, a nan Makka, furfura cike da gemuna.

Liman bai san wannan ba, yaran ma ba su sani ba. Su suna ganin tsohon laifi na tona don in tsare masallaci. Ke kaɗai kika san akwai sabo. Na tuba ga Allah, amma ban yarda da kaina ni kaɗai a gidan nan ba.

Ki dawo, ko da ba za ki yi min magana ba.

Ni ne mai jiranki,
Yunus