Littafin da Bangonsa Ya Yage

Litinin, 8 ga Yuli, 1991

Yau ma gari a rufe. Mako na uku ke nan da wannan yajin rufe gari da suke kira vil mort: daga Litinin zuwa Juma'a ba kasuwa, ba taksi, ba ofis, sai Asabar da Lahadi a fito a nemi abinci. Shagona na atamfa yana can kasuwar Mboppi da kwaɗo biyu. Kafin wannan abu, shekara talatin ban taɓa wuni a gida ranar Litinin ba. Ashe haka gidan nan yake da rana, shiru, sai ɗigar ruwa a bokiti.

Na gyara ƙofar kicin, duk da ba abin da ya same ta. Mairama ta ce, "Alhaji, ka koma ɗaki mana, kana tare mini hanya." Matata ce ta shekara ashirin da bakwai, amma yau kamar baƙo nake a gidanta.

Talata, 9 ga Yuli

Abdulganiyu maƙwabcinmu ya shigo da kwalin sabulu cike da littattafai. Shi ne akawun da wata masana'anta a unguwar Bassa ta sallama bara. Tun lokacin ba ya wuce masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin titi. Duk na yadda mutum zai gyara rayuwarsa ne, da Faransanci.

Ya ce, "Yaya Badaru, wannan kriz ɗin, matsin da ake ciki, a kai take, ba a aljihu ba."

Na ce nawa kan lafiyarsa ƙalau, aljihun ne ke jinya. Duk da haka ya bar mini guda huɗu. Faransancina na ɗan firamare ne, da yatsa nake bin layi. To, me nake yi dama?

Alhamis, 11 ga Yuli

Na farko, wani Bature ne a bango, duk haƙora a waje. Shafi arba'in ya ci kafin ya faɗi sirrin: wai mutum ya riƙa tashi ƙarfe biyar na asuba. Ni da nake tashi sallah tun ina ɗan shekara bakwai. Da gaskiya ne, da ladanin masallacinmu ya saye rabin unguwar Akwa.

Asabar, 13 ga Yuli

Kasuwa. Littafin ya ce a yi wa kowane mai saye murmushi. Na gwada. Wata mata da ta saba sari a wurina ta tambaye ni ko haƙori ne ke damuna.

Laraba, 17 ga Yuli

Na biyu ya ce ka rufe ido ka hango abin da kake so, zai zo maka. Na zauna awa guda ina hango jirgin ruwa maƙare da atamfa yana shigowa tasha da sunana a jiki. Ruwan dai ya zo, jirgin ne bai zo ba. Kwata ta cika ta juyo cikin tsakar gida, ni da Mairama muka wuni kwarfa, muna dariya kamar yara. Sau biyu tana tuntuɓe da bokitin da ke gabanta ƙiri-ƙiri. Na ce ta riƙa duba gabanta, na ba ta labarin ambaliyar da aka yi shekarar da muka tare.

Juma'a, 19 ga Yuli

Bayan an sauko masallaci mun yi gardama da Abdulganiyu a gaban mutane. Na ce, littafi nawa ka karanta? Ya ce goma sha huɗu. Na ce, to aikin fa? Aka yi dariya, shi bai yi ba. Ya gyara hula ya wuce.

Bai kamata ba. Na aika masa da goro, ban san ko ya ci ba.

Litinin, 22 ga Yuli

Na uku ban iya wuce shafi goma ba, zane-zane ne da kibiyoyi. Na huɗu siriri ne, bangon ya yage, har sunan marubucin ya tafi. Shi bai yi alkawarin arziki ba. Abu ɗaya yake ta nanatawa: in mutum yana maka magana, kada ka riƙa shirya amsa a ranka. In ya yi shiru, ka ƙidaya zuwa biyar a zuci, sau da yawa bai gama ba. Sannan ka yi tambaya ɗaya tak. Ya ce akwai masu ganin sun iya hira, alhali muryarsu kawai suke so.

Nan take na tuna mutum shida da ya kamata su karanta wannan littafi.

Talata, 23 ga Yuli

'Yarmu Fauziya ta tako da ƙafa daga gidan mijinta a unguwar Bali don ta gaishe mu. Na ba ta labarin littafin, na ce ni ai Allah ya hore mini sauraro, ko ba haka ba?

Ta ce, "To, Baba, gaskiya dai in za a…"

Na ce yawwa, shi ya sa duk layinmu a Mboppi ni ake kawo wa sulhu. Sai na ga ta dubi uwarta, uwar ta dubi tukunya, kafaɗunsu suna rawa. Fauziya ta ce, "Baba, ka gani?"

Ban ga komai ba. Yaran zamani.

Alhamis, 25 ga Yuli

Don in nuna littafin ƙarya ne, na gwada shi a kan Mairama. Na tambaye ta me za a sayo ranar Asabar. Ta ce duk abin da na kawo. Na yi shiru ina ƙidaya. Biyar tana da nisa, ban taɓa sani ba. Ina kan huɗu ta ɗago kai ta ce, "In da hali dai, ban da kifin nan."

Kifin nan. Babban kifin da nake riƙowa kowace Asabar ina taƙama, duk unguwa ta san ni da shi. Ashe ko ƙarninsa ba ta so. Ta gyara, ta dafa, ta zuba mini, ita ta ci miya zalla.

Na ce me ya hana ki faɗa? Ta ce, "Na faɗa, Alhaji, tun ina amarya. Ka ce zan saba."

Tambaya ɗayar da littafin ya yarje mini: to me kike so? Wai ganda.

Lahadi, 28 ga Yuli

Na kawo ganda. Ta ci har da ƙari.

Laraba, 31 ga Yuli

Yawanci a uku nake fashewa. Jiya na kai biyar sau biyu, amma ɗaya akwai goro a bakina, ban san ko ya shiga lissafi ba.

Asabar, 3 ga Agusta

Hannuna bai so rubutu yau, amma bari in rubuta.

Na taho da ƙyalle biyu na sabon zane don Mairama ta zaɓa mini wanda zai tafi. Ita ke zaɓa mini tun fil azal, idonta bai taɓa kuskure ba, ko da yake a kasuwa cewa nake ni ne. Ta karɓa ta kai su dab da fuska. Ta tashi ta je bakin ƙofa wurin haske. Ta dawo ta ce duk sun yi kyau.

Na buɗe baki zan yi mata bayanin wanda ni na fi so, sai na rufe. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Na ƙara wata biyar ɗin, don na ga yatsunta suna murza ƙyallen.

Ta ce, "Alhaji, ba na ganin zanen. Idon dama ya tafi tun kafin azumi. Na hagu ma kamar ta cikin hayaƙi nake gani."

Gishiri da sukari da yatsa take bambancewa. Ɗinkin hular da ta ajiye, ni na ɗauka gajiya ta yi da shi. Ta ce sau uku tana gaya mini. Na farko na ce hayaƙin icce ne. Na biyu na ce zan sayo mata maganin ɗigawa, na manta. Na uku wai ina tsakiyar labarin yadda na yi da ɗan kwastan, na ce ta bari in ƙarasa.

Mahaifiyarta da makanta ta rasu a Garwa, shekara tara tana zaune a ɗaki ana ja mata hannu zuwa bayan gida. Mairama ta ce ta riga ta fara haddace gidan nan da taku, daga gado zuwa randa goma sha ɗaya ne.

Na ce mata Litinin za mu asibiti. Daga nan na zauna kusa da ita, ba sai na ƙidaya ba.

Litinin, 5 ga Agusta

Ba taksi, da ƙafa muka tafi. Tayoyin da aka ƙona da duwatsu sun cika hanya, dole na riƙe mata hannu. Ban taɓa riƙe hannunta a titi ba. Matan unguwa suka leƙo, ita tana cewa, "Alhaji, mutane fa," amma ba ta janye ba. Da masu tsaron shingen hanya suka ji asibiti za mu, suka ɗage katako muka wuce.

Likitar mace ce, 'yar ƙabilar Bamileke. Ta tambayi abin da ke damun ta, na fara jero bayani. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Alaji, idon na Madam ne."

Ashe yanar ido ce ta rufe idon, kuma ana cirewa. Ta ce ba makanta ba ce, da mun zo da wuri ma da tuni an wuce wurin. An ba mu ashirin ga wata. A hanyar dawowa Mairama ta ce in saya mata gasasshiyar ayaba, muka ci a tsaye a gindin wata rumfa muna jiran ruwa ya tsagaita.

Juma'a, 9 ga Agusta

Fankarmu ta tsaya, Abdulganiyu ya zo ya kwance ta ya ɗaura, ta tashi. Ashe a ƙasan kwalin nan akwai littafin gyaran fanka da rediyo, shi yake bi wata uku ke nan. Yanzu har daga unguwar Nkololun ana kawo masa aiki.

Na so in ce, ka ga, guda ɗaya cikin goma sha biyar. Na ƙidaya. Sai ya ce, "Yaya Badaru, na san sauran surutu ne. Amma watannin farko da aka sallame ni, ko wanka ba na iya tashi in yi. Mai haƙoran nan da kake wa dariya, shi ya riƙa fitar da ni daga gado."

Ban san haka ta faru da shi ba, kuma katanga ɗaya ce tsakaninmu. Na ba shi haƙuri a kan maganar masallaci. Ya ce goron ma ya ci.

Mun dai tsaya a kan cewa duk littafin da ya ce zai sauya maka rayuwa cikin mako guda, a ba mai ƙosai ta naɗe. Wanda ya ba ka ƙaramin aiki ɗaya mai wuya, ko ya koya wa hannunka wani abu, a ajiye shi.

Talata, 20 ga Agusta

An yi aikin idon. Alhamdu lillahi. Awa ɗaya da 'yan mintoci, na zagaye bishiyar mangwaron asibitin har mai gadi ya kawo mini kujera.

Asabar, 24 ga Agusta

Ban buɗe shago ba, ga shi ranar kasuwa. An hana ta sunkuyawa da kusantar hayaƙi. Ni na dafa shinkafa, tana zaune da bandeji tana ba ni umarni. Ƙasan ya ƙone, saman bai nuna ba. Ta ce tsakiyar ba laifi. Fauziya ta zo da yamma ta cece mu.

Alhamis, 12 ga Satumba

An ba ta tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Ta saka, ta daɗe tana kallona a gaban likita har na tsargu. Ta ce, "Alhaji, yaushe ka yi furfura haka?"

Da muka iso gida ta tsaya a tsakar gida tana juyawa. Ta ce bangon yana son fenti, ƙofar kicin kuma a karkace take, wa ya taɓa ta? Na ce damina ce. Idon hagu sai bayan wata uku.

Litinin, 23 ga Satumba

Na mayar wa Abdulganiyu littattafansa. Ya tambaye ni ko sun yi amfani, na ce ɓata lokaci ne, mutum mai shekara hamsin da huɗu ba takarda ce za ta sauya shi ba.

Bayan la'asar Mairama tana ɗinkin hula a bakin ƙofa, ta ɗauko labarin wata rana tana 'yar shekara tara, ita da kakarta za su haye Binuwai a kwalekwale da akuyar da za su kai wa dangi. Ban taɓa sanin ta shiga kwalekwale ba. Ana tsakiyar ruwa akuyar ta tsinke igiya ta yi tsalle, sai aka kira magariba a masallacinmu. Na ce, to sai aka yi yaya? Ta ce in je in yi sallah tukuna.

Ana sallamewa na ɗauki takalmina. Mutanen dakalin ƙofar masallaci suka ce, Alhaji Badaru, yau ba hira, lafiya? Na ce maƙogwaro ne ke ɗan damuna. Kuma da gaske yana ɗan yi mini kaikayi.

Ashe akuya ta iya iyo. Ta riga su isa gaɓa.