Warin Banzin a Hanyar Gadarif

Litinin, 9 ga Mayu, 2022

Yau ma motar nan ta yi min halinta. Da safe murɗa ɗaya ta tashi, muka kama hanyar Gadarif, matata Shatu a gefena ta jingina kai da ƙofa. A shingen bincike na bakin gari suka ce in kashe inji, kamar yadda suka saba. Suka duba takardu, suka ce mu wuce. Na murɗa mabuɗi, inji yana juyawa amma ya ƙi kamawa. Minti arba'in muna gashi a rana, sai da ta huce don kanta sannan ta tashi.

Da ƙyar muka riski lokacin wankin ƙoda. Na'urorin kaɗan ne, masu jira kuwa sun cika baranda, in ka makara a ba wani, kai sai ranarka ta gaba. Ranakun matata Litinin da Alhamis, ƙarfe goma sha ɗaya.

Shekara talatin da ɗaya ina tare da motar nan. Riɗi, dawa, amare, gawa, babu abin da ba ta ɗauka ba. Yanzu da nake roƙonta abu ɗaya tak, shi ne za ta fito min da tsufa.

Alhamis, 12 ga Mayu

Haka dai, a wuri ɗaya. Na jiƙa tsumma na ɗora wa kwayil, na yi ta bugun totur da ƙafa. Shatu ta toshe hanci da bakin tobin da ta yafa ta ce, "Abu Rufa'i, warin banzin nake ji, fetur ɗin nan. Duk sa'ad da ta ƙi tashi sai ya cika min ciki."

Na ce mata ke yanzu me ba ya miki wari, har kisrar da muke ci kullum kin ce tana wari. Ciwon ne. 

Asabar, 14 ga Mayu

Na kai motar wurin Usta Harisu a unguwar makanikai. Tun muna samari muke tsokanar juna, yana ganina ya ce, "Ya Maliki, kai da arabiyar nan wa zai riga wani zuwa maƙabarta?" Na ce shi.

Ya saurare ni, ya ce mota in tana tashi da sanyi tana ƙi da zafi, abu uku ake zargi: ko wuta ta raunana, ko mai ba ya isowa, ko mai ya yi yawa ya shaƙe ta. Sai ya tambaya, "In ta ƙi, kana jin riha, warin banzin?"

Na ce a'a.

Ya ce, "Kalas, shi ke nan, hancinka ba ya ƙarya. Wuta ce." Ya canja kwayil, ya goge fulogai.

Bari in rubuta a nan tunda ba mai gani. Hancina ya mutu. Tun zazzaɓin da ya kwantar da ni shekara biyu da suka wuce ban sake jin ƙanshi ko wari ba. Ni da direbobi ke kira in sunsuna musu inji in faɗi abin da ke ƙonewa. Ban faɗa wa kowa ba, ballantana Shatu. Ita ke haɗa humrarta da hannunta, duk sabon haɗi sai ta miƙo min wuyan hannu ta ce yaya ka ji. Kullum cewa nake ya fi na da.

Ai a'a ɗin da na ce wa Usta ba ƙarya ba ce. Ban ji ba ɗin ne.

Litinin, 16 ga Mayu

Mai tsaron shingen ya ga fuskar Shatu ya ɗaga mana hannu, ban kashe inji ba. Don haka ban san ko kwayil ɗin ya yi magani ba. Ina jin ya yi.

Alhamis, 19 ga Mayu

Bai yi ba.

Sabbin mutane ne a shingen. Na roƙe su, na ce marar lafiya ce, motar kuma in ta mutu ba ta tashi. Suka ce doka ce. Na kashe. Ƙarfe goma da kwata. Na murɗa, na buga totur, na murɗa, na buga, har batir ya fara nishi, daga nan ya yi tsit. Wasu 'yan ƙwadago suka taya ni turi sau uku, a banza. Shatu ta leƙo tana haki ta ce, "Banzin ne, wallahi banzin ne." Na daka mata tsawa a gaban mutane, na ce ta bar ni da aikina. Tun da muka yi aure ban taɓa yi mata haka ba.

Kafin in sami raksha, keke mai ƙafa uku, da zai ɗauke ta, sha biyu ta gota. An riga an ɗora wani dattijo a kan na'urar. Suka ce ma'alesh, a yi haƙuri, sai Litinin. Ban ga laifinsu ba, shi ma rai ne.

A hanyar dawowa ba ta ce min komai ba. Da ma ta zage ni.

Asabar, 21 ga Mayu

Ƙafafunta sun kumbura har gwiwa. Ba ta iya kwanciya, a zaune take numfashi. Mairama, ƙanwarta, ta zo ta tare a wurinmu. Ina jin tsoro.

Lahadi, 22 ga Mayu

Ban jira Litinin ba. Mun kai ta asibiti da sassafe, kafin rana ta yi ƙarfi. Sun karɓe ta. Na kira ɗanmu Rufa'i a wurin haƙar zinariya, waya ba ta shiga.

Talata, 24 ga Mayu

Shatu ta rasu jiya da la'asar. A bayan motar nan muka kawo ta gida.

Juma'a, 27 ga Mayu

Rufa'i ya iso bayan an gama komai. Likita ya ce min zuciyarta ta daɗe da gajiya, ba lallai Alhamis ɗin nan ce ba. Masu ta'aziyya suna cewa kwana ne ya ƙare, na san haka ne, ina amsawa. Usta Harisu ya zo ya zauna a rumfa, bai tsokane ni ba, ya kasa ma haɗa ido da ni. Yana ganin laifinsa ne. Na bar shi yana ganin haka.

Alhamis, 2 ga Yuni

Ƙarfe takwas na tsinci kaina ina duba ruwan lagireto, kamar akwai inda za ni.

Tunda na fito, na tayar da motar na zaga gonaki har ta yi zafi sosai. Na dawo ƙarƙashin itacen bedi na kashe, na cire murfin iska, na leƙa cikin kafireta. Ga shi nan yana ɗiga, ɗis, ɗis, inji a kashe. Allurar da ke tsayar da mai ce ta cinye, zafi yana turo banzin yana cika mata maƙogwaro. Ni kuma duk bugun totur da nake yi ƙara mata nake.

Na shiga na danne totur har ƙasa, na riƙe ban saki ba, na murɗa. Ta yi tari sau biyu ta tashi. Ko sisi ban kashe ba. Na daɗe a zaune ina jin ƙarar injin.

Litinin, 6 ga Yuni

Na je wurin Usta Harisu na sayi allura. Ya ce, "Amma ka ce ba riha." Na ce Shatu ce ta ji, ni ne ban ji ba, shekara biyu ke nan ba na jin komai. Ya dube ni, ya juya ya shiga neman sifanar da ke hannunsa.

Na ɗaura da kaina. Bayan azahar na kashe ta da zafinta, na kira Mairama na ce ta zo ta sunsuna min, ni hancina ba ya aiki. Ban san fitar maganar zai yi sauƙi haka ba. Ta sunkuya a kan inji ta ce babu komai. Ta buɗe ƙofar gefe ta sa kai ciki, ta daɗe ba ta ɗago ba.

Na ce akwai banzin?

Ta ce, "A'a, yaya. Humrar Shatu ce kawai a kujerar."

Rufa'i ya ɗebo ruwa zai wanke motar kafin ya koma. Na ce ya wanke waje, ya bar cikin.