Ladan da Mai Ƙararrawa

Auta,

Gaisuwa mai yawa. Ya aiki, ya iyali? Mu lafiya lau, sai dai Baba ya jawo mana magana. Ranar Talata ya kira azahar ƙarfe sha ɗaya da rabi. Mai nama ya rufe teburinsa, teloli suka bar kekunansu, aka taru a masallaci ana kallon juna. Jiya kuma bai kira la'asar ba sai wajen biyar. Kwamitin masallaci sun ce in aka sake, za su karɓi makirfon su ba wani. Shekara talatin da ɗaya yana ladanci a layin nan, ka san in aka raba shi da shi, an gama da shi.

Ka kira shi, kai yake jin maganarka.

Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na samu takardarki. Na yi magana da Baba, ya ce agogon bangon masallaci ne ya lalace. Na aiko da sabo ta hannun direba, mai manyan lambobi. Ina ganin matsalar ta ƙare.

Ki gaida kowa. Ƙaninki, Auta

*

Auta,

Sannu da ƙoƙari, mai maganin matsala daga nesa. Agogonka ya iso, Baba ya rataye shi kai a ƙasa. A nan na gane. Auta, Baba ba ya gani, kuma ya fi shekara biyu yana ɓoye mana. Layin ya haddace da ƙafa, mutane kuma da murya.

Na tsare shi a ɗaki sai da ya faɗa mini. Ashe da ƙararrawar cocin da ke tsallaken titi yake aiki. Tsohon nan Mai Ƙararrawa, wanda suke zama benci ɗaya gaban shagon aski suna musu, yana bugawa sha biyu, da uku, da shida. In Baba ya ji, sai ya yi alwala, ya karanta abin da ya saba, yana idarwa lokaci ya yi. To, Mai Ƙararrawa na asibiti kwana tara ke nan, cocin kuma ba su sa kowa ba.

Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Ya roƙe ni kada kwamiti su ji.

Yayarka

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Na kasa cin abinci tun da na karanta. Amma lokacin salla ba abin wasa ba ne, dole a gaya wa Liman. Zan zo Asabar mu je tare, in ya so Baba ya huta.

Auta

*

Auta,

Gaisuwa. Ka zo, amma ba don wannan ba. Mai Ƙararrawa ya rasu ranar Laraba. Baba ya tsaya bakin ƙofar coci har aka fito da gawar.

Yau matar marigayin ta kawo agogon hannunsa, ba gilashi. Ta ce tun yana kwance ya sa aka cire, wai a kai wa Ladan, yatsa ma yana karanta agogo. Ashe ya daɗe da sani, bai taɓa gaya wa kowa ba.

Baba da kansa ya je ya gaya wa Liman komai. Liman ya ce a gwada shi mako ɗaya. La'asar ta yau ya kira ta daidai, sai dai muryar ta karye a tsakiya.

Sai ka zo. Yayarka