Fatar Layya a Danau Kota

Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da Inna da su Hureira. Yaya ƙafar taka?

An sa mana darasin tarihin Turai na dā, tun kafin su san injin buga littafi. Na shiga ina ƙunƙuni, yanzu ni ke riga kowa zuwa. Ashe, Baba, a kan fata suke rubutu! Manomi ya yi kiwon tumaki, ɗan kasuwa ya kai fatun birni, a gyara, malaman coci su kwafi littafi da hannu. Malamarmu ta ce babban littafi ɗaya kan cinye garke guda. Sirdi da linzamin barden da ke yi wa sarki yaƙi ma daga hannun masu sana'arka suke fitowa.

Abin da ya ɗaure mini kai, wai ba sa sa bagaruwa. Jiƙawa suke yi, su ɗaure a katako, su kankare. Ta yaya ba ta ruɓewa? Kai da ka tsufa a majema, ka taɓa jin haka?

Ɗanka, Alkasim

Baba,

Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana.

Da aka yi layya a masallacin unguwarmu, Danau Kota, a nan ƙasar waje, na roƙi fatar akuya, suka ba ni suna dariya. Na jiƙa ta a bokiti a baranda. Garin nan kullum ruwa, iska ba ta busar da komai. Wari ya kai har hawa na sama, mai gidan ya ce ko fatar ko mu. Haggai, ɗan Kaduna da muke ɗaki ɗaya, ya daina cin abinci a gida, sai shagon sayar da abinci da suke kira mamak. Duk da haka shi ya ba mai gidan haƙuri, shi kuma ya haɗa mini katakon. Rabin fatar ya riga ya ruɓe. Ina na kuskure?

Alkasim

Baba,

Ina gaisuwa. Saƙon muryarka ya iso ta wayar Hureira. Ban taɓa jin ka yi mini magana mai tsawo haka ba. Na bi yadda ka ce: ruwan toka, kankara daga wuya zuwa wutsiya, fanka a inuwa. Abin da ya tsira bai fi tafin hannu ba, amma ya karɓi tawada. Da na kai shi aji, malamar ta ɗaga shi a taga, haske ya ratsa. Ta tambayi wanda ya koya mini, na faɗi sunanka.

Hureira ta ce za ka bar wa maƙwabci ramukan jima saboda babu mai gado. Don Allah ka dakata. Ban ce zan bar karatu ba, amma hutun nan a majema zan yi shi. A ajiye mini fatar tunkiya biyu, ɗaya mu yi irin taka, ɗaya irin tasu.

Ɗanka mai biyayya,
Alkasim